Daƙiƙa Uku na Shuɗiyar Ƙofa

Mu huɗu ne, kyamara ɗaya,
ita ma aro ce daga sashe.
Malam Quiroga ya sa muka sa hannu sau biyu,
ya ce ran Litinin ƙarfe tara,
in ta dawo da ƙwarzane, ku nemi wata sana'a.
Zanen aro ba ya rufe katara,
amma muka ɗaura, muka fita.

Valparaíso gari ne da aka rataye a jikin tudu.
Matakala ɗari da sittin da biyu Fermín ya ƙirga
da ƙafar kyamara a kafaɗa,
daga ta tamanin ya koma ƙirge da zagi.

Eloísa ce mai waƙar.
Sau talatin ta rera ta babu murya,
leɓe kawai, tana bin ƙaramar lasifika
da Maite ta ɓoye bayan tukunyar fure.
Wani kare mai kunne ɗaya da rabi
ya shigo ɗauka ta huɗu, muka kore shi,
ya dawo ta biyar, ya kwanta ta tara,
muka gaji, muka sa shi jerin 'yan wasa.

Rana na shirin faɗawa teku,
hasken da muke jira tun hantsi ya zo,
sai batir ya ce ga garinku nan.

Wata shuɗiyar ƙofa ta buɗe.
Doña Herminia, hannu duk fulawa,
ta ce ku 'yan talabijin ne?
Muka ce a'a, 'yan neman maki ne.
Ta cire firjinta daga wuta ta ba mu ramin,
ta yanka burodi, ta shafa fiya.
Kafin batir ya farfaɗo
rana ta tafi da rabin kayanta.

Dare uku na yi a ɗakin tace hoto.
Leɓen Eloísa ya riga muryarta da rabin numfashi,
na ja, na tura, na ja,
har idona ya fara ganin layuka a jikin bango.
Can cikin minti na biyu
ƙofar nan ta leƙo ta bayan kafaɗarta,
da labulen leshi, da keji babu tsuntsu.
Na kai hannu zan yanke,
barci ya riga ni.

Sai talla.
Muka dama ƙullu, muka liƙa fosta
a tashar mota, a bangon masu kifi,
ruwan dare ɗaya ya mai da fuskar Eloísa taswira.
Maite ta aika wa duk mai lamba a wayarta,
har da likitan haƙori.
Masu kallo ɗari biyu da sha ɗaya,
arba'in daga ciki mahaifiyata ce.

Malam ya ba mu biyar da ɗigo takwas cikin bakwai.
Da jan biro ya rubuta:
haske ya yi rauni,
kuma ƙofar nan me take yi a ciki?

Cikin Janairu wuta ta hau tudun,
iska na tura ta daga baya kamar mai bin bashi.
Matakala kaɗai ta bari.

Bayan hutu na same ta a bakin sashe,
da rigar sanyi da ba tata ba.
Ta ce an ce mata kuna da gidana.

Na zaunar da ita a kujerata.
Waƙar ta wuce, ba ta saurara ba.
Minti biyu da daƙiƙa sha huɗu ta ce tsaya.
Na tsayar.
Ta ɗora yatsa a gilashi, daidai mariƙin ƙofa,
ta ce mijina ne ya yi fentin, bai iya ba,
dubi inda ya zuba.

Ta ce ƙara mayarwa.
Na mayar.
Mai gadi ya leƙo da mukullai,
ya tsaya, bai ce komai ba.